Hirar Fim a Gesse da a Bradford

A Bradford, garin da ke arewacin Ingila inda karatu ya kawo ni, mutum na iya yin fushi da amininsa don kawai ya faɗa masa yadda wani fim ya ƙare. In ana shan shayi a wurin aiki ranar Litinin, wani ya ce ya je silima ranar Asabar, abin da zai fara tambaya shi ne ko kowa ya kalla. Da zarar mutum ɗaya ya ce shi bai kalla ba tukuna, to an ɗaure bakin saura game da labarin. Sai dai a ce fim ɗin ya yi tsawo, ko jarumar ta yi ƙoƙari, ko kiɗan ya danne magana, sannan a yanka masa taurari, uku cikin biyar ko huɗu cikin biyar. Kafin shayi ya huce an gama, kowa ya koma kan aikinsa.

Ni kuwa a Gesse na tashi, cikin Birnin Kebbi, inda wanda ya riga kowa kallo shi ke riƙe da majalisa a daren. Bayan sallar isha'i, musamman a watannin zafi da ɗaki ba ya shiguwa, ana taruwa a bencin mai shayi. Wani ya ce, "Wa yag ga Labarina na wanga sati?" Wanda ya gani ya gyara zama, a ce masa, "To, ba mu mu sha." Daga farko zai ɗauko, ya kwaikwayi muryar wannan, ya miƙe ya nuna tafiyar wancan, ya tsaya a inda ya san ran mutane zai tashi. Ana katse shi da salati da tsaki da "Wallahi wanga yaro bai da mutunci!" Idan ya kuskura ya ce ba zai faɗi ƙarshen ba, sai an riƙe masa riga. Abin da ya fi ba Baturen Bradford mamaki in na ba shi wannan labari shi ne, washegari waɗanda suka saurara su ne kan gaba wajen zuwa shagon masu tura fim a waya. Jin labarin ƙara musu kwaɗayin kallo ya yi.

Haka abin yake a cikin motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kafin a wuce Ambursa sun rabu gida biyu a kan ko Sumayya ta cikin Labarina ta kyauta wa Mahmud. Haka a wurin kitso, haka a gidan biki bayan an sauke tukwane.

Dalilin bambancin na farko na aljihu ne. A nan Ingila mutum kuɗi mai kauri yake biya ya shiga silima, kuma cikin abin da ya saya har da mamakin da zai sha a ƙarshe. Masu sana'ar sun daɗe da gane haka, su suka raini ɗabi'ar. A 1960, da Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, ya sa gidajen silima su hana shiga bayan an fara nunawa, ya kuma roƙi 'yan kallo kada su tona ƙarshensa. A Landan akwai wasan daɓe na Agatha Christie mai suna The Mousetrap da ake yi tun 1952, kuma har yau in an tashi sai ɗan wasa ya roƙi jama'a su riƙe sirrin wanda ya yi kisan. A 2019 ma daraktocin Avengers: Endgame wasiƙa suka rubuta wa masoyansu da irin wannan roƙo. Ga kuma yawan finafinai da ya fi ƙarfin lokacin kowa, don haka abin da mutum ke nema a bakin abokinsa shi ne amsa ɗaya: in kalla ko in bari? Wannan buƙata ce ta haifi shafukan ba da maki. IMDb, wanda wani Bature mai suna Col Needham ya fara a 1990, daga ɗaya zuwa goma yake auna fim. Rotten Tomatoes yana lissafa masu sharhi nawa suka yaba, in sun kai kashi 60 cikin ɗari fim ya tsira. Matasan da nake karatu da su Letterboxd suke yayi, wanda aka buɗe a 2011, inda mutum ke ajiye jerin duk abin da ya kalla da ɗan taƙaitaccen ra'ayi.

A Gesse lissafin daban ne. Ba kowa ke da data a rana ɗaya ba, ba kowa ne wayarsa ke da caji ba, wuta kuma takan ɗauke ana tsakiyar kallo. Wanda ya samu ya gani ya zo ya ba saura labari, alheri ya yi musu, kuma haka ake ɗaukarsa. Bayan wannan, kunnenmu da tatsuniya ya saba. Babu yaron da bai san asirin Gizo zai tonu ba, amma gobe ma zai roƙi kaka ta sake. Tun muna yara a gaban finafinan Indiya mun san akta ba ya mutuwa, bos kuma ba ya kai labari, ba mu kuma fasa zama awa uku ba. Yadda za a kai can shi ne abin kallon. Wasu masana biyu a Jami'ar California da ke San Diego, Nicholas Christenfeld da Jonathan Leavitt, sun gwada wannan a 2011 da gajerun labarai, suka samu cewa waɗanda aka faɗa wa ƙarshe tun da wuri sun fi jin daɗin karatun a mafi yawan labaran. Na kawo wannan ga abokan karatuna, suka jinjina kai, amma babu wanda ya yarda in gwada a kansa.

Kada a ɗauka maganar ta Bature da Bahaushe ce kawai. Bradford cike take da mutanen da asalinsu Pakistan ne, kuma a shagon wani mai aski a unguwar Manningham na ji dattawansu suna ba juna labarin fim ɗin Indiya tun daga farko har ƙarshe, suna la'antar mugun siriki kamar yana zaune a wurin. 'Ya'yansu da aka haifa a nan kuwa sun koma ba da taurari. Inda mutane ke da wurin zama tare da lokacin zaman, hirar fim takan yi tsawo.

Bambanci na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne abin da ake yi wa hukunci. A nan aikin ake dubawa. A gida halin mutanen cikin fim ake yi wa shari'a. In na kira gwaggona mu gaisa, bayan ta tambayi sanyi da karatu takan ce, "Ɗana, ka ga abin da Adama tay yi ma Kamaye?" Tana faɗa ne kamar maƙwabtanta na bayan gida, ba mutanen Daɗin Kowa na Arewa24 ba. Shi ya sa sunan fim ke manne wa ɗan wasa har ya rufe na yanka: mutane da yawa Bawa Maikada suka sani kafin Sani Mu'azu, Baba Ɗan Audu kafin Rabi'u Rikadawa. Tsohuwar ɗabi'a ce. Iyayenmu su suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda wani masani, Brian Larkin, ya tarar lokacin da ya yi bincikensa a Kano.

Wannan ɓangare ne na fi kewa, kuma shi nake ganin ba mu san darajarsa ba. Akwai maganganu da kunya ba ta bari a yi su kai tsaye a gidajenmu. Budurwa ba za ta dubi mahaifiyarta ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata ba, amma za ta iya cewa, "Inna, ni dai na ga an zalunci yarinyar nan ta cikin fim." Uwar ta ji, ta kuma gane. Matar da ke cikin zafin kishi za ta sauke abin da ke ranta a kan kishiyar cikin shiri, 'yan uwanta su ba ta haƙuri da sunan suna ba jarumar shawara. Dattijo zai ja kunnen saurayi a kan cin amana ta hanyar tsine wa wani a talabijin, ba tare da ya kunyata yaron a gaban tsararsa ba. Lokacin da Kwana Casa'in ke tashe, matasan da ke shakkar ambaton sunan ɗan siyasa a fili sun yi ta fashin baƙin mulkin jihar Alfawa ta cikin shirin, kowa kuma ya san inda aka dosa. Taurari uku cikin biyar ba za su taɓa ɗaukar wannan kaya ba. A nan na ga mutane da yawa da ke kallo su kaɗai a ɗaki, su ba da makinsu su kaɗai, su kashe fitila.

Sai dai akwai abin da mutanen nan suke da shi wanda rashinsa ke cutar finafinanmu. Ɗan kallo na gama-gari a nan ya san sunan darakta, yakan san marubuci, yana iya ce maka rabin fim ɗin na biyu ya saki zaren da na farko ya ɗauko. Ba da wannan aka haife su ba, koya musu aka yi. Peter Bradshaw yana rubuta sharhin fim a jaridar Guardian tun 1999. Mark Kermode da Simon Mayo sun shafe shekaru suna shirin sharhi kowane mako a rediyon BBC har zuwa 2022, suna karanta wasiƙun masu sauraro da ke musu da su. Mujallar Sight and Sound tana tara ra'ayin masu sharhi duk shekara goma tun 1952. Ita kanta Bradford, a 2009 ta zama gari na farko da UNESCO ta ba laƙabin birnin fim. Yaron da ya tashi yana jin manya na gardama a kan rubutu da ɗaukar hoto, shi ma da idon zai girma.

Tambayar ko fim ya dace da yara kuwa, a nan an bar wa hukumar da aka kafa tun 1912, wadda ke liƙa wa kowane fim alamar shekaru, 12A ko 15 ko 18. A wurinmu, duk da Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, kowane ɗan kallo hukuma ne da kansa, kuma da tambayar "ana iya kallonsa gaban yara?" ake buɗe hira. Tambaya ce mai kyau, ni ma ina yin ta. Illar ita ce sau da yawa a kanta ake rufewa. Darakta zai ji ƙorafi dubu a kan shigar jaruma, bai ji ko ɗaya a kan sautin da ke hawa yana sauka ba, ko shirin da aka ja shi zango bayan zango a YouTube bayan labarin ya riga ya ƙare, ko attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don gwada budurwa, wanda muka gani har mun gaji. Mafi muni, tunda ba ma raba ɗan wasa da rawar da ya taka, wanda ya iya fitowa a mugu zagi yake kwasa a maimakon yabo, mata kuma su suka fi shan wannan.

Ba wai ba mu da ido ba ne. A bencin mai shayi na sha jin an ce "sun cika jan rai", ko "wannan kukan bai kai zuci ba", ko "tun da anka canza Sumayya shirin ya yi sanyi", lokacin da Fati Washa ta karɓi gurbin Nafisa Abdullahi. Sharhi ne na ƙwarai, amma a bencin yake kwana. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990, ta samu mujallun Tauraruwa da Fim kafin shekarar 2000, har ta kai ga Najeriya ta aika fim ɗin Mai Martaba gasar Oscar a 2024, ta wuce a ce yawancin abin da ake rubutawa a kanta auren jarumai ne da rigingimunsu. Akwai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Dakta Muhsin Ibrahim da suka ɗauki nazarin finafinanmu da muhimmanci, amma mutum nawa ne su, kuma nawa daga cikin rubutun ke isa ga mai kabu-kabu a Gesse da harshen da yake ji?

Ba na fatan ranar da za a zauna a majalisar unguwarmu wani ya toshe kunne ya ce kada a faɗa masa ƙarshe. A ci gaba da ba da labari har da kwaikwayon murya, a ci gaba da yi wa Kamaye shari'a. Roƙona ga matasan Gesse, da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, shi ne in an gama wannan a ƙara tambaya biyu: wa ya rubuta, kuma ina ne aikin ya yi rauni? Wanda ke da waya ya rubuta amsar da Hausa, ko layi biyar ne, ya sa ta a inda daraktan zai gani, ya ambaci sunan marubucin in ya yaba, ya bar mutuncin jarumar in ya kushe. Gidajen rediyon Birnin Kebbi kuma su ware rabin awa a mako su buɗe layi ga masu sauraro a kan fim ɗaya, su gayyato mai ba da labarin majalisa ya zauna kusa da malamin adabi. Masu iya maganar suna nan a kowane benci, a ba su makirfo.