Shekara Guda Ina Hawa Benen Mama Nike

Kafin in kai ki Legas, bari in fara da laifina. Sau biyu na taɓa dukan 'yata ta fari saboda ta cika bayan littafin lissafinta da zanen furanni da rigunan amare. Shekararta 9 a lokacin. Na ce mata kuɗin littafi ba daga sama yake faɗowa ba. Ta daina, ni kuma na ɗauka na yi tarbiyya.

Bara aka tura ni kwas na shekara guda a wani asibiti a Legas, na bar yara wajen Hajiyarmu a Zariya. Wata Bayarabiya da muke kwas tare ta lura cewa idan na sauka daga aikin dare ba na iya barci, sai ta ce in zo ta kai ni inda ba a biyan ko kwabo. Haka na fara shiga Nike Art Gallery da ke Lekki, gidan baje kolin zane-zane na zamani. Daga nan kusan duk wata sai na koma.

Farin bene ne mai hawa biyar, an buɗe shi a 2009, kuma ayyukan da ke ciki sun kai kimanin 8,000. Bango ba ya da masaka tsinke, har gefen matakala zane ne. Mai gidan ita ce Nike Davies-Okundaye, wadda kowa ke kira Mama Nike. An haife ta a 1951 a Ogidi, jihar Kogi ta yanzu. Ta rasa mahaifiya tana ƙarama, kuma a hannun kakanninta mata ta koyi saƙa da rini. A 1983 ta buɗe cibiya a Osogbo inda ake koyar da sana'ar kyauta. Idan kin yi sa'a kika same ta, ɗaurin gwaggwaronta za ki fara hangowa.

A Janairu na fara zuwa. Gidan shiru, baƙin ƙarshen shekara sun watse. Na tarar da ma'aikata a kan tsani suna cike guraben zanen da aka saya, wasu na share 'yar ƙurar hunturu da ke isa Legas. A nan na gane cewa ba gidan tarihi ba ne irin Gidan Makama, inda abin da kika gani bana shi za ki tarar baɗi. Nan kasuwa ce kuma makaranta. Masu zanen da yawa suna raye, da kuɗin suke biyan haya da kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Daga Maris zuwa Mayu, 'yan makaranta ne. Motoci su sauke su cikin yunifom, su yi layi, hannuwa a baya don kada su taɓa. Na ji mai zagayawa da su yana tambayar wani yaro me ya gani a wani zane da ba komai cikinsa sai ja da baƙi. Yaron ya ce gobarar kasuwa. Wata yarinya ta ce a'a, faɗuwar rana ce. Ba a ce wa kowa ya yi kuskure ba. Ranar na tuna 'yata, na kasa cin abincin rana.

Yuni da Yuli ruwan Legas ba ya wasa. Hanya ta cika, baƙi su ragu, amma aiki ya ƙaru, domin danshi shi ne babban abokin gabar zane: ƙyalle ya yi fumfuna, katako ya kumbura. Na ga ana ɗaga zane ɗaya bayan ɗaya ana duba bayansa, kamar yadda muke juya majinyacin da ya daɗe a kwance don kada gadon bayansa ya yi gyambo. Na ce ashe su ma suna da zagayen safe.

A hutun Agusta na fi daɗewa wajen adire, rinin Yarabawa. Akwai wanda ake ƙulla farin yadi da zare, akwai wanda ake zana masa ado da kunun rogo ta hanyar amfani da gashin kaza. Sai a tsoma cikin shuni. Inda aka ƙulle ko aka shafa wa kunu ba ya kama rini, a nan adon ke fitowa. Ina kallo ina tuna marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda muke wucewa a Adaidaita Sahu ko waiwaye ba ma yi. Shunin dai shi ne, amma nan an rataye shi a bango, Turawa na tambayar farashi.

Na san abin da ke ranki, 'yar uwa: hoton abu mai rai. Ni ba malama ba ce, wannan sai ki tambayi malamai. Ni dai ina wuce sassaƙe-sassaƙen mutane. Amma abin da ya rage ya isa ya cinye miki yini: zanen kasuwa daga sama, jiragen ruwa, aikin duwatsun ado, da adon layi da da'ira irin na dagi, irin na bangon gidajen Zariya, irin wanda mai lalle ke fitarwa a hannun amarya.

Nuwamba ne watan hada-hada. A farkonsa ake yin Art X Lagos, babbar kasuwar zane da Tokini Peterside ta kafa a 2016, kuma masu saye na zuwa daga ƙasashe daban-daban. Gidajen zane na birnin duk sukan cika. Kada ki ɗauka ƙananan kuɗi ne. A 2018, a Landan, an sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a kan fam miliyan 1.2. A Disamba kuma 'yan Najeriya mazauna waje ke dawowa da 'ya'yansu, matakala ta cushe, ana naɗe zane a takarda za a kai filin jirgi.

Abin da ya fi ba ni kunya sai a ƙarshe na sani. Manyan masu zanen ƙasar nan, irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da Demas Nwoko, a Zariya suka yi karatu. A can suka kafa ƙungiyarsu a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suna cewa sai an haɗa dabarun Turai da adon gida. Har yau sashen koyar da zane yana Samaru, tafiyar mota ɗaya daga gidan da na doki 'yata.

Da na dawo, tsarabarta littafin zane ce da fensir masu launi 12. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye ƙarƙashin katifa. Sai da aka yi mako uku ta zo ta tsaya bakin ƙofar kicin ta ce, "Umma, in na yi ba za ki dake ni ba?" Allura nawa na yi wa yara suna kuka ban ji komai ba, amma wannan tambaya ta zaunar da ni. Yanzu zanenta huɗu na manne a falo, kuma makinta na lissafi bai ragu ba.

Idan Allah Ya kai ki Legas, ki fita da sassafe kafin gosulo, ki sa takalmi maras tsini saboda matakala, ki nemi izini kafin ɗaukar hoto. Idan Legas ta yi nisa, akwai reshen gidan a Abuja ta hanyar filin jirgi. Idan ita ma ta yi nisa, yau da daddare ki buɗe bayan littafin ɗanki. In kin tarar da zane, kafin ki ɗaga hannu, ki tambaye shi mene ne wannan. Ki dawo ki faɗa mana abin da ya ce.