Daga Dover zuwa Calais: Guzurin Takardun Mai Tuƙi da Lasisin Birtaniya

Duk wanda ya baro birnin Landan da mota ya nufi kudu maso gabas, bayan tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, zai iske garin Dover kwance a gindin fararen duwatsun alli, yana fuskantar teku. A nan ne ruwan da ya raba Ingila da Faransa ya fi ƙunci, faɗinsa bai kai kilomita 35 ba, har idan sararin sama ya washe ana hango gaɓar Faransa. Jirgin ruwa kan ƙetare da motoci zuwa Calais cikin awa ɗaya da rabi. Mai gaggawa kuwa sai ya bi ta Folkestone, a ɗora motarsa a jirgin ƙasa da ke ratsa ramin ƙarƙashin teku wanda aka buɗe a 1994, cikin minti 35 ya fito a ƙasar Faransa.

Kusancin nan yakan ruɗi magidanci ya ɗauka lasisinsa na tuƙi ya wadatar. Alhali lasisi shaida ce ta iya tuƙi kawai, ba ya buɗe iyaka. Bisa yarjejeniyar Le Touquet ta 2003, 'yan sandan Faransa suna duba matafiya tun a Dover, don haka wanda takardunsa ba su cika ba, a nan ake mayar da shi gida da iyalinsa da kayansa.

Abu na farko shi ne takardun mutane. Mai fasfo na Birtaniya yana shiga ƙasashen Schengen ba tare da biza ba, na tsawon kwana 90 cikin kowane kwana 180, muddin fasfon bai cika shekara 10 da bayarwa ba, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar fitowa. Amma ɗan'uwanmu mazaunin Ingila da ke riƙe da fasfo na Nijar, ko Nijeriya, ko Kamaru, sai ya nemi bizar Schengen tun da wuri, shi da kowane ɗa nasa mai irin fasfonsa. Izinin zama a Birtaniya ba ya tsayawa a madadinta.

Sai lasisin kansa. Tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, lasisin kati mai hoto yana aiki a ƙasashen Tarayyar ba tare da ƙari ba. A duba ranar ƙarewarsa, domin katin shekara 10 yake yi. Mai tsohon lasisin takarda, ko mai niyyar wuce Turai, yana iya buƙatar lasisin ƙasa da ƙasa. Wannan iri uku ne, gwargwadon yarjejeniyoyin 1926 da 1949 da 1968, kuma kowace ƙasa da irin da take karɓa. Na 1949 wata 12 yake yi, na 1968 kuwa shekara 3. Tun Afrilun 2024 a shagunan PayPoint ake sayensa, ba a gidan waya ba, kuma ba ya aiki sai tare da lasisin asali.

Ita ma mota tana da nata takardu: takardar mallaka mai suna V5C, wadda ita ce « carte grise » a wajenmu, ta asali ba kwafi ba, da takardar inshora. Idan motar ta haya ce, a karɓi takardar VE103 daga masu ita. Tun Agustan 2021 ba a tambayar koren katin inshora a Tarayyar Turai, amma wanda zai gangara ta Sifaniya ya ƙetare zuwa Maroko, ya nemi katin ko ya sayi inshora a bakin iyaka. Tun Satumban 2021 kuma alamar UK ta maye gurbin GB a bayan mota. A Sifaniya da Malta da Kubrus dole a liƙa ta, ko da lambar motar na ɗauke da haruffan.

Da an fito daga tashar Calais, hannu ya sauya: a dama ake tuƙi, a kewaya shatale-tale ta hannun dama. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya koyi tuƙi a Maraɗi ko Garwa, ko a Kano bayan 1972, shekarar da Nijeriya ta koma dama. Wahalar ita ce sitiyarin motar Ingila yana gefen dama, sai direba ya kasa ganin abin da ke tahowa idan zai wuce babbar mota. Haƙuri ne maganin wannan. Fitilun motar ma an saita su don hannun hagu, don haka a liƙa musu abin karkatar da haske, kada su kashe idon masu tahowa.

Alamun hanya da kilomita suke magana, ba da mil ba. A babban titi mai kuɗin shiga iyakar gudu 130 ce, ta koma 110 idan ana ruwa, a cikin gari kuwa 50. Dokar Faransa ta wajabta rigar haske da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, kuma rigar ta kasance kusa da direba, ba a ƙarƙashin kaya ba. A wasu mararrabu marasa alama, mai fitowa daga dama shi ke da hanya. Lambar neman agaji ita ce 112.

Daga Calais zuwa Paris kusan kilomita 300 ne, ta cikin shimfiɗaɗɗun gonakin alkama da dankali, da wuraren hutawa a gefen titi inda matafiyi zai yi alwala ya sallaci azahar da la'asar a kan kari. Iyalin da ke cikin mota amana ne a wuyan direba. Ya tattara takardun nan a jaka guda mako biyu kafin tashi, ya duba ranakunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi addu'ar tafiya. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.