Man Farko

Na yi firamare da sakandare a Jega, amma darasin da ya fi zauna mini a zuciya ba a aji na same shi ba. A gindin dogon yaro na same shi, a garejin kawuna, bakin hanyar da ta nufi Yawuri, inda nakan je miƙa sifana in an ba mu hutu.

Wata rana da bazara, lokacin da albasa ta cika ƙasarmu, wani Alhaji daga Aliero ya kawo akori-kurarsa, Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Injin ya tsufa, ga hayaƙi, ga shan baƙin mai. Kawu ya sauke shi, muka wargaza, muka wanke da fetur, aka sayo sababbin ringi da metal.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani, don kada in bar shi a baya. In injin yana aiki, kiranshaf ba ya taɓa metal ɗin da yake juyawa a cikinsa. Akwai wani siririn mai a tsakaninsu, bai wuce kaurin gashin kai ba, famfon mai ke turo shi. To, amma injin da aka haɗa yanzu, hanyoyin mansa duk wayam suke. Kafin famfo ya jawo mai daga ƙasa ya kai shi ko'ina, babu abin da ke tsare ƙarfe sai wanda makanike ya shafa da yatsansa. Shi ya sa Kawu kan shafe fuskar kowane metal, ya bar bayansa a bushe, ya jiƙa fistin da ringi da cikin silinda. In ya gama kuma ba ya tayarwa nan take. Sai ya cire fulogai, ya yi ta murza makulli har fitilar mai ta mutu.

Ranar haɗin sai aka aiko wa Kawu da rasuwa a Birnin Kebbi. Ya ɗaura fistin uku, ya bar ni da babban yaronsa mu ƙarasa. Alhaji kuwa yana tsaye a kanmu, albasarsa na cikin buhuna. Ni na ɗaura na huɗu. Sai da aka rufe ƙasan injin na tuna ban shafa masa ko ɗigo ba. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, ai guda ɗaya ne, wa zai gani? Na ja bakina na yi shiru. Ba a cire fulogi ba, aka tayar, aka taka totur. Alhaji ya sa mana albarka, ya tafi.

Kwana uku sai ga waya daga Maiyama: injin ya buga, ga albasa a rana. Muka je muka jawo motar da igiya. Albasar kuwa a nan bakin hanya aka sayar da ita yadda ta samu.

Da Kawu ya kwance, ya ɗaga metal na huɗu, ya yi baƙi ƙirin, ya kuma cinye wuyan kiranshaf. Ya dube shi, ya dube mu, ya ce, “Wa yaɗ ɗaura wanga?”

Na ce, “Ni ne, Kawu. Kuma na tuna tun ranar.”

Na zaci zan sha mari. Sai ya ce, “Ɗana, mantuwa ba laihi ba ta. Shirun shi na laihi. Da ka yi magana, awa guda ta ishe mu.” Ya ce in tambayi maɗoran Aliero, waɗanda ake zuwa wurinsu daga nesa: ƙashin da ya warke a karkace, gyaransa ya fi ɗorin farko zafi.

Aka kai kiranshaf Sakkwato aka gyara wuyan, Kawu ya biya daga aljihunsa, ya je har gida ya ba Alhaji haƙuri. Ranar haɗi na biyu ya miƙo mini gwangwanin mai, ya zauna a kan benci, ya ce ni zan ɗaura duka huɗun. Hannuna na rawa na ɗaura.

Yanzu da nake jami'a nakan tuna wannan in na zo rubuta aikin da na san malami ba zai bi shi layi-layi ba. Zuciya takan ce, wa zai gani? Sai in tuna Maiyama. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa kwana uku ya yi. Allah ya ba mu ikon gyara abin da ido ba ya gani, amin.