Mai Galahanga da Abokan Majalisa: Inda Kara Ya Kamata Ta Tsaya

Daga Dutsin-Ma har Kurfi, da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, da wuya a rasa unguwar da ke da wani saurayi da ake ce wa "bawan Allah" da wata irin murya. Kowa ya shaida ba taɓin hankali gare shi ba. Sau da yawa ma ya fi sa'o'insa riƙe karatu ko iya sana'a. Shi ne ke gane ciwon waya da zarar ya buɗe bayanta, shi ne ba ya kuskuren lissafi a shagon POS. Amma ba ya son haɗa ido, hayaniyar gidan biki na hana shi sukuni, habaici na wuce shi, in kuwa aka tambaye shi abu sai ya faɗi gaskiya tsirararta ko a gaban surukai ne. Wasu daga cikin irin waɗannan samari da 'yan mata suna da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ko da ba a taɓa kai su gaban likita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11, daga baya kuma Lorna Wing ta Ingila ta nuna cewa abin faɗi gare shi: akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma wanda ke zaune a aji a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita yana cin jarrabawa. Ba sammu ba ne, ba shafar aljanu ba ce. Yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne, kuma gado na da hannu a ciki sosai. Wannan rukuni na biyu, masu magana da sana'a da 'yan kuɗi a aljihu, su ne abokai suka fi wahalarwa, domin babu mai zaton suna bukatar kariya.

Ga yadda abin kan kasance. Bayan isha'i an haɗu a teburin mai shayi. Wani ya matso kusa da saurayin ya ce, "Abokina, turo min dubu biyu, gobe da safe zan ba ka." Ya tura. Duk wanda ke wurin ya san wannan goben ba ta da rana, ban da shi. A wurinsa gobe da safe tana nufin gobe da safe, don haka ƙarfe bakwai yana ƙofar gidan mutumin yana sallama. Ba a fito ba. Da dare ya sake tambaya, a gaban kowa, domin bai ga abin ɓoyewa ba. Sai mai cin bashin ya ɗaga murya: "Haba, kai ba ka da kara ne? A kan dubu biyu za ka tozarta ni cikin mutane?" Majalisa ta bushe da dariya. Saurayin ya koma gida yana juya maganar har asuba, ya yanke cewa shi ne mai laifi. Bayan mako guda da aka nemi dubu biyar, ya bayar da sauri don ya wanke kansa.

Daga nan sai aron waya, aron babur, aron injin ban-ruwa ga wanda ke noman rani a bakin dam. Injin ya dawo a lalace, a ce masa ai haka yake tun da aka ɗauka.

Wannan ba halin garinmu kaɗai ba ne. A Ingila masu kula da irin waɗannan mutane sun daɗe da ware cutar da aboki ke yi a matsayin matsala mai zaman kanta. A 2015 wata ƙungiyar masu galahanga da ke Wirral, kusa da Liverpool, ta yi wani ɗan ƙaramin bincike, inda kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 16 suka ce wanda suka ɗauka aboki ya taɓa cin zalinsu ko ya ci da guminsu. Sai dai a yankinmu asarar kan wuce kuɗi. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da nasu, aka kuma hana sayar da fetur a jarka, duk don toshe hanyar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A wuri irin wannan, "ara min layinka in yi kira ɗaya" ko "bari a turo kuɗi ta asusunka" ba ƙaramar magana ba ce. Layi yana haɗe da lambar NIN ta mai shi, asusu yana haɗe da BVN. Ranar da bincike ya biyo, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa, kuma mutumin da ba ya iya haɗa ido, wanda bakinsa ke sarƙewa in an yi masa tsawa, shi ne zai fi kowa kama da mai laifi.

An saba ɗora duk laifin a kan mai lalurar, a ce shi ne ba ya fahimtar mutane. Wani malamin jami'a a Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da galahanga, ya ƙalubalanci wannan a 2012. Ya ce rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda mai galahanga ke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka gwada. Suka jera mutane takwas-takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, har zuwa na ƙarshe. Jerin masu galahanga zalla ya isar da labarin daidai da jerin marasa ita. Inda aka gauraya su ne labarin ya fi zubewa a hanya. Ashe ba kunne ɗaya ne ya toshe ba.

Mu kuwa zamanmu ya ginu ne a kan maganar da ba a faɗa kai tsaye. "Sai na duba" na nufin a'a. "Bismillah" a kan kwano wani lokaci tayi ne na gaske, wani lokaci na fatar baki. Ga wasan taubasai, ga na Katsinawa da Nufawa, ga na Fulani da Barebari, inda zagi ba zagi ba ne. Bahaushe yana tsotsar waɗannan tun yana goye. Mai galahanga kuwa haddace su yake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan mugun aboki ke samun kafa. Zai ci mutuncinsa, in ya nuna ɓacin rai a ce, "Kai ba ka san wasa ba?" Alhali wasan taubasai ma da iyakarsa: an san tsakanin wa da wa ake yi, kuma kowane ɓangare na da damar ramawa. Wasan da kullum mutum ɗaya ake yi wa dariya sunansa cin fuska.

Ba kuma kowane aboki mai wuyar zama ne macuci ba. Akwai mai ƙauna ta gaskiya wanda ke faɗowa ɗaki ba sanarwa, ya taɓa kayan da aka jera da tsari, ya sauya shirin da aka yi tun jiya, ya ja mutum zuwa wurin kiɗa yana cewa, "Zaman kaɗaicin nan ne zai kashe ka." Bai san cewa ƙarar lasifika da cunkoso na iya kwantar da abokinsa yini guda ba. Wannan bayani yake bukata, ba rabuwa ba. Shi ma mai galahanga, a faɗi gaskiya, yakan gajiyar da mutane: ya kama zancen injuna ko tarihin ƙwallo ya ƙi saki, ko ya gyara wa babba magana cikin taro. Aboki na da haƙƙin ya gaya masa, muddin a fili zai faɗa, ba da harara ba.

Abin da ya dace da shi yana nan cikin addininmu da al'adarmu, domin mai galahanga ya fi samun natsuwa da ƙa'ida bayyananna. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, da komawa ba tare da ƙorafi ba in an ce a koma. Zaure ma don haka aka gina shi. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta nuna cewa ƙawance a da abu ne da ake ƙullawa da sani, da kyauta da ramuwa. Har yau mata na rubuta gudummawar biki a littafi, babu mai cewa sun yi rowa. To don me in saurayin nan ya fito da littafinsa ya ce, "Sa hannu a nan, ga Malam shaida," za a ce ya fiye ƙeƙe-da-ƙeƙe? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Doka ɗaya da ta hau kan kowa ta fi masa sauƙi a kan auna kowane mutum da fuskarsa. "Ba na ba da aron layina, ko ga wa." "Bari in yi shawara da Yaya, zan ba ka amsa bayan la'asar." "Zan zo ɗaurin aure, amma ba zan tsaya wajen kiɗa ba." Jinkirin nan na zuwa la'asar yana da amfani ƙwarai, domin macuci gaggawa yake so. Yadda mutum ya karɓi a'a kuma yana bayyana shi: wani zai ce ba komai, gobe a gaisa kamar kullum, wani zai yi fushi, ya yi gori, ya haɗa kan majalisa a ƙaurace.

'Yan mata nasu ya fi ɓoyuwa. Ana gano maza ninki uku zuwa huɗu a kansu, kuma yarinya mai shiru da sunkuyar da kai yabo take sha a ce tana da kunya. Ita ce ƙawaye ke ɗora wa ankon da ya fi ƙarfinta, a mayar da kwasarta ta adashi ƙarshe, a yi aron sarƙarta a manta.

Iyaye da yayye na da rabonsu na laifi. In yaron ya kawo ƙara, amsar ɗaya ce: "Yi haƙuri, zama da mutane sai haƙuri." A 1974 Anthony Kirk-Greene ya tattara halayen da Hausawa ke auna mutumin kirki da su. Akwai haƙuri da kunya a ciki, amma akwai gaskiya da amana da adalci. Bai dace a riƙa karɓar haƙuri daga mutum ɗaya, a yafe wa sauran amana ba. Abin da yake bukata a gida shi ne babba ɗaya da zai saurare shi ba dariya, ya gaya masa a fili, "Wannan wasa ne, wancan kuwa cuta ce." Mai son a duba ɗansa ko ƙaninsa zai iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Tun Janairun 2019 kuma akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu bukata ta musamman wariya.

'Yan majalisa, kun san wanda ake magana a kansa, kun kuma san wanda ke riƙe da kuɗinsa. Don Allah ku sa a biya shi. In kuna da magana da shi ku faɗa masa kai tsaye, in kuma ya ce a'a ku ƙyale shi a kan a'arsa.