Kalangu Ba Ya Bin Agogo

Tun zamanin fataucin goro Hausawa suka kafa zango a Agege, da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko har Kano a 1912 kuwa sai zaman ya ƙara ƙarfi. Jikokin fataken nan sun tashi da Hausa da Yarbanci a baka, saboda haka bikinsu ba ya ƙoshi da kiɗa iri ɗaya. Dattawa Mamman Shata suke so, ƙawayen amarya suna jiran Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, maƙwabta Yarbawa kuma ba su yarda an yi biki ba sai sun ji fuji irin na Sikiru Ayinde Barrister. Duk wannan nauyi kan mutum ɗaya yake, watau mai sa kiɗa da kwamfuta, wanda ake kira DJ.

Akwai wani saurayi a unguwar da wannan sana'a ce abincinsa. Abin da ya fara koya shi ne kowane kiɗa yana da yawan bugun da yake yi cikin minti ɗaya. Idan waƙar da ke tashi tana bugu 100, mai biye da ita kuma 112, kamar yawancin kiɗan amapiyano na Afirka ta Kudu, to ba a shigar da ita haka kawai, sai ƙafafun masu rawa su harɗe. Dole a ja ɗaya sama ko a sauko da ɗayar har dukansu ya faɗi wuri guda.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Wani mai sa faifai a birnin New York, Francis Grasso, ya yi suna da ita tun wajen 1969, da kunne da ɗan yatsa kurum. A 1979 kamfanin Technics ya fito da garmahonsa SL-1200MK2, mai maɓallin ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari. Manhajoji irin su Traktor da VirtualDJ da Serato kuwa su ke ƙirga bugun da kansu, su shata layuka a kan waƙa, da an taɓa maɓalli ɗaya sai su daidaita biyun. Har suna iya riƙe muryar mawaƙi a inda take, domin a da in an ƙara saurin faifai da kashi 6 cikin ɗari murya kan hau mataki guda, in aka yi yawa dattijo ya koma yana waƙa da muryar yaro.

Da waƙoƙin zamani saurayin nan bai taɓa samun gardama ba, gama da kwamfuta aka haɗa kiɗansu, bugun farko da na ƙarshe nisansu ɗaya. Wahala tana wurin tsofaffin faifai. Makaɗan Shata mutane ne masu numfashi. In ya shiga kirarin wani mai kyauta sai kalangu ya yi zafi, in ya tsaya ba da labari ya lafa, 'yan amshi kuma suna biye da bakinsa. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, haka ƙoren Barmani Choge. Da ya ɗora irin waɗannan a manhaja, layukan kan dace da farkon waƙa, kafin a kai tsakiya sun kauce. Wani lokaci ma na'urar takan ƙirga rabin bugun ko ninkinsa, musamman inda kiɗan ke tafiya uku-uku.

Abokan sana'arsa sun sami hanyoyi biyu masu sauƙi. Wasu sun daina sa tsofaffin waƙoƙi gaba ɗaya. Wasu kan yanki baiti ɗaya, su miƙe shi da ƙarfin tsiya, su aza masa gangar kwamfuta a ƙarƙashi. Shi dai ya ƙi duka biyun, kuma yana da hujja. Kalangu magana yake yi, hawa da saukar sautinsa suna bin karin harshen Hausa, jinkirin da makaɗi ke yi kafin ya saki duka kuwa a nan daɗin yake. Wanda ya goge wannan jinkiri ya bar amo, ya zubar da zancen. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yaron da aka haifa a Agege, wanda bai taɓa ganin Funtuwa ko Jos ba, a ina zai ji su in ba a wurin biki ba?

Saboda haka ya koma ga dabarun da suka fi cin lokaci. Yakan zauna da dare ya saurari faifai tun daga farko har ƙarshe, ya sa alama inda mawaƙi ya numfasa ko inda amshi ya ƙare. A filin biki sai ya riƙa rage saurin kiɗan zamani kaɗan-kaɗan cikin waƙa biyu ko uku, yadda masu rawa ba za su farga ba. In ya iso kusa, ya janye gangar, ya bar amsa-kuwwar dukan ƙarshe ta mutu, sa'an nan ya saki kalangu daga farkon baiti, da saurinsa na asali. Daga Shata zuwa fuji kuwa da kunne yake bi, hannunsa na kan maɓalli, domin gangar Yarbawa mai magana 'yar'uwar kalangu ce, ita ma ba ta bin agogo.

Wannan hanya tana jawo masa asara. Samari kan yi gunaguni cewa ya sanyaya fili, akwai ma bukukuwan da aka ba wasu saboda haka. Amma iyayen biki, waɗanda su ke biyan kuɗin, sukan tashi su yi liƙi sa'ad da suka ji muryar da suka sani tun suna ƙuruciya, ba a taɓa ta ba. Allah Ya ji ƙan mawaƙan da suka riga mu, Ya ba masu sa faifansu haƙurin sauraronsu har ƙarshen baiti.