Idan Ɗanki Ya Ce Kwari Da Baka Yake So

'Yar uwa, idan gidanku gidan farauta ne, ko gidan mijinki, to ki kwana da shiri. Akwai ranar da yaronki zai dawo daga hutun ƙauye ya ce ya wuce wasa da danƙo, kwari da baka yake so. Abu biyu muka saba yi mu iyaye mata: ko mu daka masa tsawa mu ce kada mu ƙara ji, ko mu ce harkar maza ce mu kau da kai. Na farko yakan sa yaro ya je ya sassaƙa nasa a ɓoye. Na biyu kuma yakan sa a miƙa masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Duka biyun na ga inda suke ƙarewa a ɗakin taimakon gaggawa, shi ya sa nake so mu zauna mu tattauna.

Ni 'yar maharbi ce. Baba ya tsufa ya rataye kwarinsa, yayana ya gaje shi, yanzu kuma babban ɗana mai shekara 11 ba shi da zance sai na kawunsa da daji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na sani. Kuma sana'ar ba abin kunya ba ce. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwanmu, kuma masu tarihi sun ce 'yan baka ne suka tarwatsa dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Abin da na ce wa Yaya kawai shi ne, in dai zai koya masa, to a zaɓi kayan a gabana, kuma kada a sauya masa komai sai na sani. Ga abin da na koya daga bakin Baba, da abin da aikin jinya ya ƙara mini.

Mu fara da bakan kansa. Kin san yadda muke sayen takalmin makaranta da ɗan girma, mu ce zai cika shi kafin baɗi? To, baka ba ya son wannan dabarar. Baka mai tauri yana tilasta wa yaro ya ɗaga kafaɗa, ya banƙare baya, ya saki kibiya kafin ya saita, don hannunsa ya gaji. Kibiyar da aka saka cikin gaggawa kuwa ba ta tambayar wa ke tsaye a gefe. Ga kafaɗar yaro da ba ta gama ƙwari ba, yau da gobe sai ciwo. Gwajin Baba ba wuya: yaro ya ja tsirkiya har kusa da kumatunsa, ya riƙe, a ƙirga goma a hankali. In hannu na rawa, ko ya cije leɓe, ko ya sunkuyar da kai yana neman tsirkiyar, bakan ba nasa ba ne tukuna. Ke ma za ki iya yin wannan ƙirgen a tsakar gida, ba sai kin taɓa shiga daji ba.

Kibiya kuma akasin haka ce, ita ce ke son rara. Idan yaro ya ja iyakar jansa, dole bakin kibiyar ya wuce hannun da ke riƙe da baka da kamar yatsa uku. Kibiyar da ta gajarce takan zame ta dawo bayan bakan, da an saki sai ta shige tsakanin babban yatsa da manuniya. Na taɓa riƙe irin wannan hannun ana ɗinki, na yaron da bai wuce sa'an nawa ba. Kibansa na bara ne, shi kuwa ya ƙara tsawo, ba wanda ya lura. Saboda haka duk lokacin da kika ga hannun rigarsa ya ɗage, ki tuna kibansa ma sun gajarce. Sannan a riƙa duba kyauron da aka yi jikin kibiyar da shi. A ɗan tanƙwara shi kusa da kunne, in an ji ƙas, ko an ga tsaga komai ƙanƙantarta, a karya shi a jefa a murhu. Kyauron da ya tsage yakan farfashe lokacin harbi, tsinkensa ya shiga hannu.

Bakin kibiya hawa-hawa ne, kuma a nan ne na fi kafewa. Mai koyo da kan itace mai dakushi yake farawa, yana harbin buhun ƙaiƙayi da aka jingina da katanga, ba ƙannensa a kusa, ba awaki. Ko wannan mai dakushin yana fasa ido, kamar yadda dutsen danƙo ke fasawa. In ya nuna natsuwa, maƙeri ya ƙera masa ƙarfe marar kunne. Mai kunne, wato mai ƙayoyin nan da ke kallon baya don kada ta fita daga jikin dabba, ta manya ce. Dafi kuwa babu shi a lissafin yaro sam.

Bari in gaya miki dalili. Kiban gargajiyarmu galibi ba su da gashin tsuntsu a gindi irin na Turawa da kike gani a fim, kuma ba su da nauyi. Maharbi yakan lallaɓa ya matsa kusa, abin da ke kayar da babbar dabba kuwa dafin ne. Sanannen dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani zuciya yake kamawa. Dangi ɗaya ne da maganin zuciyar nan digoxin da muke bayarwa a asibiti da awo ɗan mitsitsi, muna ƙirga bugun zuciyar majiyyaci kafin mu ba shi. To ki yi tunanin irinsa babu awo, a jikin ɗan shekara huɗu da ya zura hannu cikin kwarin kawunsa. Kuma kada ki yarda da cewa tsohuwar kibiya ta huce. Duk gidan da ke da kibau masu dafi, a raba musu kwari dabam mai marfi, a kulle a akwati. Rataya a bango ba ajiya ba ce, yaranmu sun iya jawo turmi su taka.

Tsirkiya ita ce ta fi saurin tsufa. Ta fata da aka murɗa takan saki da damina, ta bushe ta tsattsage da hunturu, shi ya sa Baba ke shafa wa tasa man kaɗanya. Yaya ya koma igiyar nailan. Baba ya yi ta mita wai ba ta da daɗin hannu, amma ruwa bai dame ta ba. Aibinta siririya ce, tana cin yatsu, don haka sai an je wajen baduku ya ɗinka 'yar fatar yatsu. Ya haɗa da wata fatar da za a ɗaura tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, inda tsirkiya ke tsula wa mai koyo bulala har wurin ya tara jini. Ko wace iri ce, da an ga ta fara gashi ko wani sili ya tsinke, a sauya ta a ranar. A kuma koya wa yaro abu biyu: ba a jan baka a sake shi babu kibiya, don ƙarfin yakan koma cikin itacen ya tsaga shi, kuma in an gama a sassauta tsirkiya kafin a ajiye.

Wata ƙa'idar Baba da na ga hikimarta ita ce, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya. In an sauya baka, a bar kiban da ya saba da su muddin tsawonsu ya kai. In an sauya tsirkiya, a koma gaban buhu kwana da kwanaki, don saiti ya riga ya canza. Sabon baka da sabbin kibau a ranar fita daji, wannan neman magana ne.

Sai babban sauyin da samari ke ɗoki, daga baka zuwa adaka. Abokai za su ce masa baka kayan tsofaffi ne. Ni dai na ga hannayen da bindigar ƙirar gida ta fashe a cikinsu, na ga yatsun da ba su dawo ba. Na ce wa ɗana wannan zancen ba na yanzu ba ne, na kuma faɗa wa kawunsa a gabansa, don kada a samu baki biyu. Haka kuma ya san cewa ba ko'ina ake farauta ba. Yankari da Falgore da Gashaka-Gumti dazuzzuka ne da hukuma ta killace, kuma tun 1985 akwai dokar tarayya da ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Ɓeraye ma na hana shi kamawa, saboda zazzaɓin Lassa.

In tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, ki riƙe wannan da kyau: kada a zare kibiyar. Kunnuwanta sukan yage nama da jijiya in an ja, kuma wani lokaci ita ce ta toshe jijiyar jinin da ta huda. A kewaye gindinta da tsumma mai tsabta a ɗaure don kada ta yi motsi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a zuba toka ko garin magani. Kada a ba shi abinci ko abin sha, don wataƙila a shiga da shi tiyata. A nufi asibiti nan take, a gaya mana gaskiya ko da dafi a jiki, musamman in yana amai ko jiri. Ko ƙwarzane ne kawai da bakin ƙarfe, a tambayi allurar tetanus.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu yin baka sun fi kowa sanin haka. Yaron da ya saba ana auna masa kibiya, ana duba masa tsirkiya, ana ce masa wannan ba taka ba ce tukuna, shi ne gobe zai duba wa ƙaninsa. Kafin hutu mai zuwa, ki kira kawun nan ko kakan nan a waya, ki tambaye shi wane irin baki ne a kan kiban da zai ba ɗanki, kuma ina yake ajiye nasa. Ku da kuka fito gidajen maharba, a shekara nawa ake ba yaro kibiyar ƙarfe a wajenku? Ku faɗa mana mu ƙaru da juna.