Kwasar Bana Ta Tikiti Ce

Ku matso kusa, maganar nan tsakaninmu ce, ban so ta fita daga ɗakin nan tukuna. Kwasar adashena ta bana ba za ta je wurin masu gwal ba, kujerun falo ma su ƙara haƙuri. Tikiti zan saya. Yaya, na ga kin ɗaga gira, ki bari in kai aya, in ya so sai ki yi min faɗan.

Mu fa ba baƙin jirgi ba ne. A cikinmu akwai wadda ta san Dubai lungu-lungu, akwai mai saro kaya a Santanbul, akwai wadda ta yi jinyar mahaifiyarta a Indiya. Amma in an tambaye mu me muka gano, sai mu hau lissafin shaguna da masauki da layin awon kaya. Makka da Madina na ware su gefe, wannan ibada ce, ba a jera ta da komai, Allah ya maimaita mana. Sauran duniyar nake nufi, wadda muke ratsawa idonmu yana kan rasit. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin ƙafa ba ta dawwama da ƙarfinta.

Ke Hajiya, da kike sauka a Laleli ta Santanbul ki cika jakunkuna ki juyo, tsakaninki da Aya Sofiya tafiyar ƙafa ce. Ginin nan tun shekara ta 537 yake tsaye, ya yi coci, ya yi masallaci, ya yi gidan tarihi, a 2020 aka koma yin salla a ciki. Ki ba shi safiya ɗaya. Da la'asar kuma ki gangara bakin ruwa a Eminonu, ki shiga jirgin ruwan da ma'aikata ke shiga su koma gida, ki tsallaka zuwa Uskudar. Kin bar Turai kin shiga Asiya ke nan da kuɗin da bai kai na ɗankwali ba. In kika waiwaya daidai magariba, hasumiyoyin birnin duk sun jeru a kan tudu, kiran salla yana fitowa daga gaɓa biyu. Wannan ba ya cikin kayan da ake aunawa a filin jirgi.

Haka ke ma ƙawata, in Allah ya ba Mama lafiya kuka koma ganin likita a Delhi, Agra tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a mota. Taj Mahal da ke can kabari ne, sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz da ta rasu wurin haihuwa a 1631, farin dutsensa kuma zagaye yake da ayoyin Alƙur'ani. A je da sassafe kafin a cika, kada kuma a sa ranar Juma'a, a rufe yake ga masu ziyara.

Amma wurin da ya girgiza ni, wanda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, magangarar ruwan Biktoriya ce, a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Mutanen wurin Mosi-oa-Tunya suke ce mata. Kogin Zambezi yana tahowa shimfiɗe, a natse, da 'yan tsibirai a tsakiyarsa, ba wanda zai ce akwai wani abu a gaba. Kwatsam sai ƙasa ta tsage. Faɗin ruwan ya haura mita 1,700, zurfin ramin ya haura mita 100, duk kogin nan sai ya zuba a ciki gaba ɗaya. Tun kafin ido ya gani kunne ya ji, ƙasa tana amsawa a ƙarƙashin ƙafa kamar ana daka a turame dubu lokaci guda. Feshin yana tashi sama ya dawo ya zama ruwan sama, ba hadari ba komai, rana tana tsaka. Saboda shi ne wani kurmi ya tsiro a bakin ramin, kore shar duk shekara, alhali dajin da ke kewaye yana bushewa da rani. Ana ba da hayar rigar ruwa a ƙofa, amma duk da haka sai kin jiƙe sharkaf. Bakan gizo kuwa a ƙasanki yake, cikin ramin, wani lokaci biyu a jere, in wata ya cika ma har da dare yana fitowa.

Na ga hotunan wurin nan kafin in je, na kuma ɗauka da hannuna, kuma ina gaya muku ba ɗaya da ya ɗauko shi. Waya ba ta ɗaukar rugugi, ba ta ɗaukar sanyin da ke dukan fuska. Mutum yana tsayawa ne kawai ya ji bakinsa yana tasbihi ba tare da ya shirya ba. Shi ya sa da Amarya ta nuna min hotunan Maldibs, da ɗakunan kwana a kan ruwa, na ce mata suna da kyau, Allah ya kai ki ke da angonki, amma abin da za ki gani can kusan shi ne abin da ke cikin wayar. Ni wurin da nake so a kashe wa kuɗi shi ne wanda sai an je da jiki. Wadda za ta je magangarar nan ta lura da wata: wajen Afrilu da Mayu ruwan ya fi cika, har feshi kan rufe gani, zuwa Oktoba da Nuwamba kuma yana ja baya, ɓangaren Zambiya ya zama kusan dutse zalla.

Sai Fas, a Maroko. Anti, ke da kullum kike wazifa, na san zuciyarki tana can, a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda aka binne shi a 1815. Za ki tarar da mutanenmu a wurin, da 'yan Senegal da 'yan Mali, ki ji Hausa a bakin ƙofa. To amma kada ki yi ziyara ki juya. Tsohon birnin mota ba ta shiga, lunguna ne dubbai, wani ma mutum biyu ba sa jerawa, kaya duk a kan jaki da alfadari. Kina cikin matsatsi da hayaniyar maƙeran tagulla, sai ki tura wata ƙofa ki faɗa makarantar Bu Inaniya, wadda aka gina wajen 1350, ki ga tsakar gida tsit, ƙasa an jera ƙananan tayil masu launi, sama an sassaƙa farar ƙasa da katako har ba inda za a ɗora yatsa. Kyan garin nan duk a ɓoye yake, daga waje bango ne kawai.

Abin da na fi so ku ji shi ne masallacin Ƙarawiyyin. Mace ce ta kafa shi, Fatima al-Fihri, a shekara ta 859, da gadon da mahaifinta ya bar mata. Fiye da shekara dubu da ɗari ana karatu a wurin, har ana lissafa shi cikin jami'o'i mafi daɗewa a duniya. Na daɗe a ƙofar nan ina kallon masu alwala, ina tunanin abin da dukiyar mace ɗaya ta zama. Ku kai 'ya'yanku mata su gani da idonsu.

Akwai kuma majemar Shuwara, inda ake miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci kafin ya hau bene ya leƙa ramukan rini. Duk wadda ta taɓa wucewa ta majema a Kano ba za ta ji baƙunta ba. Ai fatun jan akuyan Sakkwato da Maraɗi ayari ya riƙa haurawa da su hamada zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saya a can suka riƙa kiransu fatar Maroko.

Wadda ta samu bizar Turai ta ƙarasa Garnaɗa a Andalus, ta ga fadar Alhambra, inda mulkin Musulmi na ƙarshe a Sifaniya ya faɗi a 1492. Ruwa ne adon gidan, yana bi ta ƙananan magudanai daga ɗaki zuwa tsakar gida, ga maɓuɓɓuga a kan zakuna goma sha biyu na dutse. Tikitin shiga yana ƙarewa da wuri, tun daga gida ake saya.

Na'am Yaya, na ji ki, kin ce duk na tsallake na kusa. Ban manta ba, ciwo abin yake min. Hasumiyar Agadas, ta laka zalla, mita 27, tun ƙarni na 16 take kallon ayarin gishiri. Bayanta ga duwatsun Azbin, ga Tenere. A Chadi akwai Ennedi, inda raƙuma ke shiga wani kwazazzabo mai suna Arshe su sha ruwa, da kadoji a ciki, a tsakiyar Sahara. A Sudan dalar Meroe sun kusa 200 a cikin yashi, ga shi tun 2023 yaƙi ya rufe hanya. Waɗannan wurare ba su gaza kowane da na ambata ba, rashin tsaro ne ya shiga tsakaninmu da su, kuma ba zan ce wa ɗayarku ta kama hanya yanzu ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Kafin nan ga Mambila a Taraba, da gonakin shayi da sanyin da sai an sa rigar sanyi, ga ruwan Wikki a Yankari, mai ɗumi dare da rana, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa. Waɗannan ko biza ba sa nema.

To, ga inda tikitin nawa zai nufa: Samarƙandi da Bukhara, a Uzbekistan. Tun muna yara muke jin malam yana cewa Bukhari ne ya ruwaito, ban taɓa kawo wa raina cewa Bukhara gari ne da kasuwa da mutane ba sai da na girma. A Bukhara aka haifi Imamu Bukhari a 810, ya rasu a 870, kabarinsa yana wani ƙauye kusa da Samarƙandi. A tsakiyar Samarƙandin akwai dandalin Registan, makarantu uku suna fuskantar fili ɗaya, an lulluɓe su da tayil shuɗi, mafi tsufa ta Ulug Beg ce, sarkin da ya shahara da ilimin taurari, an gama ta a 1420. A Bukhara hasumiyar Kalyan tana nan tun 1127, ta tsira har daga ɓarnar Mongol. Ina so in tsaya a garin da Imamu Bukhari ya fara haddar hadisi, in yi masa addu'a a inda yake kwance.

Ta Santanbul ake bi, a sauka Tashkent, daga nan jirgin ƙasa mai sauri ya kai mutum Samarƙandi cikin awa biyu da 'yan mintoci. Hunturunsu da ƙanƙara, tsakiyar shekara kuma zafi, don haka Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba za a nufa. Yaya, gwiwarki ba za ta sha wuya a can ba kamar a Fas, da yake hawa da gangara. Duk mai so ta duba fasfonta tun yanzu, kada ya gaza wata shida, ta nemo katin allurar shawara inda ta ajiye shi. Maganar izinin masu gida kuwa, kowacce ta san lokacin da take shigar da tata buƙatar, ni dai na riga na shigar da tawa ranar Juma'ar da ta wuce, an kuma ce min Allah ya kai mu.